Sufeto Tizhe Ya Kama Unguwa

A wata unguwa da ke gangaren mayo, wato rafi, a Mubi akwai wani dattijo mai suna Tizhe, wanda tun da ya yi ritaya daga aikin riƙon sito a makarantar sakandare ya naɗa wa kansa muƙamin Sufeto. Babu hukumar da ta ɗauke shi aiki, babu kuma wanda ya hana shi. Kayan aikinsa su ne wata doguwar kwat ta gwanjo da aka ɗinka don ƙasar sanyi, da malafa, da gilashin ƙara girman rubutu mai tsage a gefe.

Iliminsa kuwa daga wuri biyu ya samo shi. Na farko tsofaffin littattafan binciken kisan kai da yake tsinta a kasuwa, waɗanda ko dai gara ta cinye shafukansu na ƙarshe, ko masu ƙosai sun yage sun naɗe kaya. Na biyu shirye-shiryen 'yan sandan ciki a talabijin, waɗanda da zarar an zo fallasa mai laifi sai a ɗauke wuta. Saboda haka Tizhe bai taɓa ganin ƙarshen bincike ko ɗaya ba. Duk wanda ya nuna da yatsa tun farko ya ce shi ne, to shi ne, tun da babu ƙarshen da zai ƙaryata shi.

"Ni fa ban taɓa faɗuwa kes ba," yake gaya wa masu shan shayi. "In mutum ya gifta, ta tafiyarsa nake sanin abin da ya sata."

A wannan shekarar ɓarayin kaji da na batirin sola suka addabi unguwa. Sai Jauro Adi, mai unguwa, ya sanar cewa ranar Asabar bayan la'asar za a taru a ƙofar gidansa a zaɓi shugaban tsaro, a ba shi usur da tocila da riga mai walƙiya. Tizhe ya ƙwallafa rai a kan usur ɗin nan kamar me. Gaskiyar magana, tun da ya miƙa makullan sito babu wanda ya sake ƙwanƙwasa masa ƙofa don neman wani abu, kuma abin yana cin zuciyarsa, ko da yake ko a mafarki ba zai yarda ya faɗa ba.

Matarsa Margret ta san wannan ciwon, don haka ta yi nata shirin. Ranar Juma'a da yamma ta same shi ya kafe talabijin da ido, an sami gawar wani attajiri a ɗakin da aka kulle ta ciki.

"Baban Eva, gobe da sassafe zan kai baƙin tauren nan gidan Alhaji Gabdo ya yanka. A raba wa maƙwabta kafin taro, ko sa tuna da kai."

"To, to. Matsa, kin tare mini direban attajirin. Shi ne, wallahi shi ne."

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, na ji. Yi duk yadda kika gani."

Haka al'adar take a unguwar tun kaka da kakanni. Kirista ba ya yanka dabbarsa da kansa in yana son kowa ya ci, sai ya kai wa maƙwabcinsa Musulmi. Shekara da shekaru Alhaji Gabdo, wani ƙaton dillalin shanu, shi ke yi wa gidan Tizhe yanka, in Sallah ta zo kuma cinya guda ce ke ƙetaro katanga. Margret ta yi abin da ta ce. Kafin hantsi an yanka, an raba, ta dafa farfesun kayan ciki ta rufe wa maigida, ta ɗaura anko ta tafi taron zumuntar mata. Shi kuwa Sufeto yana ta sharar barci da littafi a kan fuska.

Da ya tashi ya leƙa garke ya ga turke babu taure, sai ya dafe ƙirji. Wani zai ce baƙin ciki ne. Ina! Murna ce ta kusa kayar da shi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sata a gidan Sufeto, a ranar zaɓe! In ya gurfanar da ɓarawo a gaban Jauro da la'asar, wa zai ja da shi?

Nan da nan ya zura kwat, ana zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Ya kwaso ɗankwalayen Margret ya ƙulla su ya kewaye garken don kada a taka wurin da aka yi laifi. Ya ɗebo toka ya zana siffar taure a ƙasa, har da gemu. Sannan ya durƙusa da gilashi, sai ga sawun takalmi mai faci a dunduniya. Ya dama garin masara ya zuba a ciki don ya ɗauki siffarsa, kafin ya juya kaji sun cinye hujja tas. Ya tuɓe takalminsa zai jefe su, sai ya ga faci a dunduniya. Ya ɗora a kan wani sawun, ya zauna daram.

Tizhe ya gyaɗa kai a hankali. "Gwani ne. Ya saci takalmina, ya yi aiki da shi, ya dawo mini da shi."

Bincike ba ya yiwuwa da yunwa. Ya shiga ɗaki ya buɗe kwano ya ga farfesu yana ƙamshi, ya zauna ya yi masa cin ƙoshi, yana ci yana tsara jerin waɗanda yake zargi. Ya shanye romo, ya ɗauki wani ƙashi mai ɓargo ya jefa a aljihun kwat don ya riƙa tsotsa a hanya. A ɗaya aljihun ya sa sarƙar ɗaure janareta da wani tsohon kwaɗo, su ne ankwa.

Ya fita yana bin kashin awaki da gilashi, duƙe kamar mai neman allura. Matsalar ita ce kowane gida a unguwar akwai awaki, don haka hujjar ta kai shi masallaci, ta dawo da shi injin niƙa, ta zagaya da shi bayan coci, daga ƙarshe ya yi karo da ƙyauren Rukayyat mai sayar da waina har malafa ta faɗi. Ƙamshin suyar nama ne ya buge shi kafin ya miƙe.

Rukayyat ta leƙo da matsami a hannu. "A'a, Baban Eva! Sannu da zuwa. Kai, mun gode fa, Allah ya ƙara arziki. Taure ya yi mai!"

Tizhe ya ji kamar an watsa masa barkono. Sata har da godiya! "Wato kin amsa da bakinki."

"Na amsa mana, ai Maman Eva..."

"Shiru!" Ya ɗaga tafin hannu kamar mai tsayar da mota. "Kina da ikon yin shiru. Duk abin da kika faɗa zai zama ebidans a kanki. Sai a gaban Jauro."

"Baban Eva, lafiya? Zazzaɓi ne? Cire rigan nan ka sha iska."

"Kawo babban yatsanki."

Ya shafa mata baƙin tukunya a yatsa, ya nemi takarda ya rasa, sai ya danna yatsan a kan farar rigarsa ta ciki. Rukayyat ta dubi yatsanta, ta dube shi, ta rufe baki da gefen mayafi. Kafin ya kai ƙarshen layi ta kira gida uku a waya, kowa ya ji cewa Sufeto na neman tauren da shi ya raba, kuma aka yi shawara a bar shi ya nema.

Gida na gaba na Philemon ne, mai koyar da mawaƙan coci. A jikin zanar gidan Tizhe ya hango wani baƙin gashi. Ya kafa masa gilashi yana nazari, rana kuwa tana tsakiyar ka. Ya daɗe yana jujjuya gilashin yana cewa "Hmm," har ya fara jin ƙauri. Ya ce a ransa, lallai a nan suka babbake kai da ƙafa. Sai da hayaƙi ya shiga idonsa ya gane zanar ce ta kama.

"Gobara! Gobara!" Philemon ya fito da gudu da bahon ruwan wanki, ya watsa rabi a zana, rabi a kan Sufeto. Kwat ta sha ruwa ta yi nauyin buhun masara.

"Baba Tizhe, mene na yi maka za ka ƙona mini gida?"

Tizhe ya share kumfa daga gira, ya hango nama rataye a igiyar shanya. "Wancan fa? Tsokar waye?"

"Naka ne mana. Mama ne ya..."

"Shiru! Kana da ikon yin shiru!"

"Ni da zana na ya ƙone, ni ne zan yi shiru?"

"Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Yatsa!"

Haka ya bi gida-gida. Duk inda ya shiga nama, duk inda ya shiga godiya. Wata tsohuwa har ta yi masa addu'a da Fulatanci ta shafa masa kai, ya karɓi addu'ar ya kuma ɗauki yatsanta. Kafin azahar ta wuce farar rigarsa ta koma kamar fatar zabo. Abin ya fara ba shi tsoro, ya kuma ƙara masa girman kai. Ashe ba ɓarawo ɗaya ba ne, gungu ne, unguwa sukutum. Kuma kowane gungu yana da uban tafiya, wanda a littafi kullum shi ne mutumin da aka fi yarda da shi.

Yana leƙa gidan Alhaji Gabdo ya ga baƙar fata a shimfiɗe a rana an kafe ta da tsinke, ga wuƙa an wanke an jingine. Alhajin na zaune a tabarma yana sauraron rediyo. Labari ya riga ya iso masa, amma ya daure fuska ya miƙa hannu.

"Jam na, maƙwabci? Ka sha rana."

Tizhe ya cafke hannun, ya naɗe sarƙa a wuyan hannun Gabdo da nasa, ya danna kwaɗo ƙaras. "Alhaji, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wa ya yanka tauren nan?"

"Ni."

"Da wace wuƙa?"

"Wanda nake yanka muku kullum."

"Kullum! Wato ba yau ka fara ba. Kana da ikon yin shiru."

"Useko, na gode," in ji Gabdo. "Dama ban da niyyar magana. La'asar ya yi, mu je."

A nan aka gane kuskuren aikin. Hannun dama aka ɗaure da hannun dama, don haka ba su iya jerawa. Gabdo kuwa mutum ne da in ya riƙe bijimi bijimin ke bin sa. Ya miƙe ya sa kai, Sufeto na biye a karkace, kwat na ɗigar ruwa, malafa ta rufe ido ɗaya. A bakin masallaci aka yi ta shawarar yadda Alhaji zai yi salla da Sufeto a hannu, daga ƙarshe ya ce a fara gamawa da Jauro tukuna. Masu shaguna suka fito suna tambaya.

"Alhaji, me tsohon ya sata?"

"Ni ne na kama shi!" Tizhe ya yi tsawa daga baya.

"Haka ne," in ji Gabdo. "Ku ba mu hanya, yana kai ni."

Ƙofar gidan Jauro ta cika maƙil, don ko ranar rabon taki ba a taru haka ba. Jauro Adi na kan kujera, usur da tocila da riga mai walƙiya na kan tebur a gabansa. Tizhe ya gyara murya, ya so ya yi kai da kawo kamar yadda ake yi a talabijin, amma Gabdo ya zauna a benci, don haka zagaye kawai yake yi kamar ɗan maraƙi a turke.

"Barkama, ranka ya daɗe, na tara ku a nan ne..."

"Ni na tara su," in ji Jauro.

"To, Barkama. Amma mai laifi yana cikinmu. Kai, duk ku ne." Ya buɗe kwat ya nuna farar riga. "Ga yatsun ɓarayi. Ga Rukayyat, ta soya. Ga Philemon, ya shanya. Ga uban tafiya a hannuna, mutumin da na ɗauka ɗan'uwa. Dokar bincike guda ce: duk wanda naman nan ya shiga cikinsa, da shi aka yi."

Jauro ya sosa gemu. "Ni ma an kawo mini haƙarƙari. Na ci."

Tizhe ya dubi usur, ya dubi Jauro. Amma mai rawa ba ya fasawa a tsakiyar fili. "To Barkama, sai haƙuri. Kawo yatsa."

Wuri ya kaure da dariya. Ana cikin haka sai ga Margret ta kutso da ankon zumunta, ɗankwalayenta a ƙulle a hannu duk kashin kaji.

"Baban Eva! Wa ya yi shanya da kayana a garke? Kuma me ya haɗa ka da hannun Alhaji?"

"Maman Eva, an sace taure. Ki kwantar da hankali, na kama su."

"Wane taure? Wanda na ja da hannuna na kai wa Alhaji? Wanda na gaya maka jiya ka ce in yi yadda na gani?"

Tizhe ya ja baya iya tsawon sarƙa. Ya nuna ta da hannun hagu. "Ashe a cikin gida ne! Kina da ikon yin..."

"Ba ni da shi! Shekara talatin ina yin shiru kana gaya mini direba ne. Don kai na raba naman nan, don mutane su ba ka usur ka samu abin yi ka bar ni in huta. Kai ma me ka ci da rana?"

"Farfesu."

"Na mene?"

Gumi ya keto wa Tizhe, ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici, sai ga ƙashi ya fito a tsotse fes. Ya tsaya riƙe da shi a gaban jama'a. Rukayyat ta faɗi a jikin maƙwabciyarta tana riƙe ciki. Philemon ya taso da gawayi a hannu ya ce, "Baba, dokan bincike guda ne. Kawo yatsa."

Da dariya ta lafa, Gabdo ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba. "Maƙwabci, wasa na ɗauke shi, amma kalma ɗaya ya taɓa ni. Ranan da aka haifi Eva ni na yanka rago. Yau ni ne uban ɓarayi?"

Wannan ta fi ruwan wanki sanyaya jikin Tizhe. Kunya ta kama shi ta gaske, irin wadda ba ta da maɓoya. "Alhaji, ka yafe ni. Littafi ne ya ce wanda aka fi yarda da shi."

"To ka gode wa littafi, ya san matsayina. Buɗe."

Tizhe ya lalube aljihu, ya sake lalubewa. Sannan ya tuna. Kwaɗon na tsohon sito ne, makullinsa na cikin waɗanda ya miƙa ranar ritaya. Aka aika neman mai walda, aka ce ya tafi biki ƙauyen Mugulbu, sai ya dawo.

Jauro ya share hawayen dariya. "Malam Tizhe, abin da ba ka bincika ba shi ne, kai kaɗai ka nemi kujerar nan. Babu mai son ta, yawo ne cikin sauro. Ko ba taure da kai za a ba. Amma bari mu bi ƙa'ida. Masu son Tizhe, hannu sama."

Tizhe ya yunƙura zai ɗaga hannun dama, Gabdo ya danne nasa a cinya. Ya ɗaga na hagu, ga ƙashi a ciki, ya yi sauri ya sauke. Ko kaza ba ta motsa ba.

"Barkama," in ji Rukayyat, "a ba Maman Eva. Wanda ya iya tsaron Baban Eva shekara talatin, ɓarawon kaza ba zai gagare shi ba."

"Masu son Maman Eva."

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Alhaji Gabdo ya ɗaga nasa har sama, sarƙa ta ja, hannun Sufeto ya bi shi ya miƙe zar, har yana ɗage a kan yatsun ƙafa. Jauro ya duba ya ce, "Alhamdu lillahi, har abokin takara ya goyi baya. Babu ko hamayya."

Margret ta zura riga mai walƙiya a kan anko, ta busa usur sau ɗaya. "Baban Eva, gida. Gobe bayan coci ka saya wa Philemon zana."

Da yammar nan aka ga dattijan biyu a benci ɗaya a falon Tizhe suna jiran mai walda, kwanon soyayyen nama a tsakaninsu, kowa na fama da hannun hagu yana neman gafarar abinci. Talabijin na kunne. Ikon Allah, ranar ba a ɗauke wuta ba. Shirin attajirin nan ya tafi tiryan-tiryan har ƙarshe, aka tara mutane, aka wanke direba tas, aka sa wa matar gidan ankwa.

Gabdo ya juyo ya dube shi. "Ba kai ka ce wa Maman Eva direba ne ba?"

Tizhe ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗauki tsoka ya kai baki.

"Alhaji," ya ce, "ina da ikon yin shiru."